Ranar da Muka Yi Wa Habu Gayyar Ridi

Da sunan Allah wanda ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta.

Sunana Isa. Manomi ne ni a wani ƙauye kudu da Gadarif, a kan hanyar Simsim. Da furfura a gemuna na shiga ajin koyon karatu na manya, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan da hannuna. Na rubuta shi a kan abokina Habu, Allah ya jiƙansa, domin duk mai zabiya a gidansa, da duk mai wuni cikin rana kamar mu, ya ji yadda abin ya same mu.

Habu zabiya ne. Tun muna yara ake ce masa Hawaja, wato Bature, kuma bai taɓa jin haushi ba. In an kira shi haka sai ya ce, "Na'am, jirgina ne ya tafi ya bar ni." Tare muka yi aikin lada a manyan gonakin masu tarakta, tare muka samu 'yan filayenmu, nasa na jingine da nawa. Lokacin aiki wuyansa da hannuwansa sukan yi ja, su saɓule, su sake yin ja. Mun saba ganin haka har ba ma lura. Hula yake sawa irin tamu, wadda ke rufe tsakiyar kai ta bar kunnuwa a waje.

A farkon damina wani ɗan ɓawo ya fito a saman kunnensa na hagu. Yakan bushe, ya faɗi, wurin ya yi jini, wani ya sake fitowa. Matarsa Zainaba ta riƙa shafa masa man ridi. Da bai ji ba, aka kawo garin bagaruwa. Wata gwaggonsu ta ce kambun baka ne, aka karɓo rubutu ya sha. Bayan 'yan makonni ɓawon ya zama gyambo mai kauri a baki, tsakiyarsa a rame.

Sai babban wansa, Yaya Adamu, ya kawo mai ƙarfe. A wurinmu in ciwo ya ƙi ji, ana sa ƙusa a wuta har ta yi ja a ɗora a kai. Ni na riƙe kan Habu a cinyata. Ban manta ƙaurin ba har yau. Wurin ya yi baƙin ɓawo, muka ce an gama. Da ɓawon ya ɗaye, abin da ke ƙarƙashinsa ya fi na da faɗi, kuma ya fara wari.

Na ce wa Habu, "Gobe za mu Gadarif."

Ya ce, "Ustaz Isa, tun da ka koyi alif da ba kake ba mutane umarni."

Na ce, "Ko ka hau lori da ƙafarka, ko in ɗaure ka kamar rago in ɗora."

Muka tafi. Lokacin yaƙi ya riga ya koro mutane daga Hartum, garin ya cika ya batse. A mustashfa, wato asibiti, mutane na kwance a baranda, wasu a gindin bishiya da kayansu. Muka yi layi tun hantsi, aka ce mu dawo gobe. Muka kwana wurin wani ɗan ƙauyenmu mai sayar da gawayi. Kashegari bayan azahar muka samu shiga wurin wata daktora matashiya, wadda ita ma gudun yaƙin ne ya kawo ta. Ta daɗe tana duba kunnen. Ta tambayi wa ya ƙona shi. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta yanki ɗan mitsitsin nama ta ce za a aika a gwada, mu koma gida mu jira.

Jiran ya yi tsawo. Kowane mako ina hawa kan tudun bayan gari inda waya ke kamawa, ina kiran mai gawayi ya je ya tambaya, ana cewa bai fito ba. Ridi ya yi fure, ya fara ɗaure kwanso. Gyambon kuma ya ci gefen kunnen har ya yi gibi.

Da sakamakon ya fito muka koma mu uku, har da Zainaba. Daktora ta rufe ƙofa, ta kira shi ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu Abubakar, wannan saraɗan ne na fata." Ciwon daji ke nan. Zainaba ta ja mayafinta ta rufe baki.

Habu ya ce, "Daga ina? Ba na shan taba, ba na cin na mutane."

Ta ce daga rana ne. Ta yi mana bayanin da ya zauna a kaina har yau. Ta ce can sama, nesa da gajimare, akwai wani siririn mayafi na iska da ake kira ozon. Shi ke tace hasken rana, ya tare wani ɓangare nasa mai ƙona fata wanda ido ba ya gani. Ta ce mutane sun yi shekaru suna sakin wata iska daga tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki da gwangwanayen fesawa, ita kuma ta hau sama ta riƙa cin mayafin har ya sirance. An hana wannan iskar, mayafin yana komawa a hankali, amma bai gama ba. Mu kuma a ƙasarmu dama rana a tsaye take a kanmu.

Habu ya ce, "Daktora, ni fa ruwan firji ma sai na zo birni nake sha. Masu firjin suna ina, da abin zai faɗo a kunnena?"

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ba zan rantse maka cewa sirancewar ce ta jawo naka ba. Abin da na sani, wannan hasken ne ya ci kunnenka, kuma fatarka ba ta da baƙin da ke kare abokinka." Ta dube ni ta ce, "Kai ma kada ka saki jiki. Wannan hasken na kawo yanar ido."

Sannan ta sa yatsu ta lallatsa wuyan Habu daga ƙarƙashin kunne har zuwa kafaɗa. Ta ce, "Alhamdu lillahi, babu kaluluwa. Yana kunne kawai. In an yanke yanzu, za ka rayu da kunne ɗaya. In ya sauka wuya, wuƙa kaɗai ba za ta isa ba." Ta sama masa wuri a amaliyar, wato aikin fiɗar, wata Laraba mai zuwa, ta ce da ƙyar ta samu, kada ya kuskura ya rasa. Ta ce daga yau ya sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, kuma kada rana ta gan shi daga hantsi zuwa la'asar.

Wanda bai noma ridi ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ridi in ya nuna ba ya jiran kowa. Ganyensa na yin rawaya sai a yanka, a ɗaure dami, a jingina shi tsaye ya bushe. In ka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya fashe a tsaye, noman shekara ya zube a ƙasa tururuwa su kwashe. Ridin Habu ya nuna daidai makon amaliya. 'Yan ƙwadagon da ke zuwa kowace kaka ba su zo da yawa ba a shekarar, waɗanda suka zo kuma masu manyan gonaki sun kwashe su. Ridin nan shi ne abincin gidansa, shi ne kuma kuɗin maganinsa.

Na bi gida gida na kira gayya, abin da maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa nafir. Kowa ya amsa, don babu gonar da Habu bai taɓa yi wa aiki ba. Muka sa Litinin. Lorin da ke zuwa Gadarif daga wajenmu ranar Talata yake wucewa, da hantsi. Lissafin ya yi daidai.

Ran Lahadi da yamma aka yi ruwan ƙarshen damina. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa takan kama ƙafa kamar danƙo, ba mai iya shiga gona. Dole aka ɗaga gayyar zuwa Talata.

Na same su a rumfar gidan Habu, shi da Yaya Adamu. Na ce wa Habu, "Kai da Zainaba ku hau lori. Ni zan tsaya a madadinka."

Yaya Adamu ya ce, "A ina ka taɓa ganin haka? Mutane su bar gonakinsu su zo taka, kai kana kan lori? Ai ka mayar da su 'yan ƙwadago ke nan."

Na ce, "Yaya, kowa ya san ba shi da lafiya."

Ya ce, "Suna ganinsa yana tafiya da ƙafarsa. Mai gayya shi ke yanka dami na fari, shi ke tarbar dattawa, shi ke fara sa hannu a akushi. Haka muka tarar. Kunne ne fa, Isa, ba ciki ba."

Zainaba daga bakin murhu ta ce, "Yaya, daktora ta ce kada ya rasa."

Ya ce, "Daktora ba ta da ridi."

Habu ya dube mu duka. Sai ya ce, "Zan yanka damin fari, in gaisa da mutane, in fito bakin hanya. Gonar ba ta da nisa da titi. Kowa ya samu nasa."

Da sassafe ya fito da sabuwar malafarsa, kunnen a naɗe da farin ƙyalle. Matasa suka yi ta tsokanarsa, suna cewa yau Hawaja ya zama cikakken Bature. Ya karɓi lauje ya yi bismilla ya yanka damin fari. Na ce, "To, mu tafi." Ya ce bari dattawan unguwar gabas su iso, ga su can tafe. Suka iso, aka yi gaisuwa mai tsawo, kowa na tambayar kunne. Na kama hannunsa. Sai ga limaminmu a kan jaki, ya zo sa albarka. Ba a barin liman yana addu'a a juya masa baya.

Zainaba tana bakin titi da ƙunshin kayansu a ka. Ina hango ta daga gona. Rana ta hau. Mata suka iso da akusan tuwo da miyar kuɓewa, aka shimfiɗa buhuna, mutane suka ajiye lauje suka kewaye, kowa na jiran mai gona. A daidai lokacin na ji ƙarar lori.

Na ce, "Habu, ga shi nan!"

Yaya Adamu ya ce, "Loma ɗaya. Mutane na jira."

Na ruga bakin titi. Direban ya san ni. Na ce ya yi wa Allah ya ba mu ɗan lokaci, mara lafiya ne. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, hadari na haɗuwa a gabas. In ruwa ya same ni a wannan laka, nan zan kwana da mutanen nan duka." Duk da haka ya jira. Ya yi ta danna oda. Fasinjoji suka fara masifa. Ina ɗaga hannu ina kiran Habu. Na ga ya miƙe daga wurin cin abinci, na ga wani dattijo ya riƙe hannunsa yana yi masa magana, na ga ya sunkuya yana saurare. Da ya ƙwace ya taho, laka na kama takalminsa, lori ya riga ya ja. Zainaba ta sauke ƙunshin ta zauna a kansa.

Aka gama yankan ridin kafin la'asar. An yi aiki mai kyau, ba zan ɓoye ba, Allah ya saka musu da alheri. Mu kuma muka kwana neman mota. Da asuba muka samu wata tarakta mai zuwa babbar hanya, daga can muka hau wata motar. Mun isa mustashfa ran Laraba bayan azahar. An kira sunansa da safe, ba ya nan, aka sa wani a gurbinsa.

Daktora ta dube mu ta ce, "Me ya faru?" Habu ya ce, "Ridi." Ta ce za ta sake nema masa wuri.

Daga nan muka shiga zirga-zirga. Mako na farko aka ce an kawo masu rauni da yawa, su ne a gaba. Na biye aka ce babu allurar barci. Wani makon likitan fiɗar ya tafi neman iyalinsa. Ba na zargin kowa a cikinsu, na ga yadda suke aiki tsaye har ƙafafunsu su kumbura. Amma kowace safiya nakan sa yatsuna a wuyan Habu in lallatsa yadda na ga daktora ta yi. Shi kuma ya ce, "Ustaz ya zama daktor. Saura ka zama direban lori."

Wata safiya na ji wani abu ƙarƙashin muƙamuƙinsa, kamar ƙwallon dabino, mai tauri, ba ya motsi. Na janye hannuna. Ya ce, "Na riga ka ji. Tun shekaranjiya. Kada ka gaya wa Zainaba tukuna."

An yi amaliyar daga baya. Aka cire kunnen duka da kaluluwar da aka samu. Daktora ta ce dole a bi da gashin na'ura don kashe ragowar ciwon, kuma na'urar tana garin Madani. Muka kaɗe ridin, muka sayar, muka fara shiri. Ana jiran ɗinkin ya kame sai labari ya zo cewa yaƙi ya isa can. Mutanen Madani da kansu suka kwararo Gadarif, wasu a ƙafa. Aka ce akwai wata na'urar can arewa mai nisa, tafiyar kwanaki ta zagaye. Muka yi ta shawara. Kafin mu gama, wasu ƙulluttai sun fito a wuyan, ɗinkin ya buɗe, Habu ya daina iya haɗiye tuwo. Daktora ta ja ni gefe ta ce tafiyar za ta wahalar da shi ne kawai. Ta ba mu ƙwayoyin rage zafi da ta iya samu, ta koya wa Zainaba wankin ciwon.

Muka dawo da shi gida lokacin sanyi ya shigo. Aka kwantar da shi a bukkarsa, aka toshe duk inda haske ke shigowa da buhuna, don maganar daktora ta shiga jikin Zainaba, ba ta yarda ko ɗigon rana ya taɓa shi. Safe da yamma tana dafa ruwa da gishiri, ni ina riƙe kansa, ita tana wankewa. Muna turara ɗakin saboda wari, muna kore ƙuda da mafici. Abincinsa ya koma kunu, daga baya madara a cokali. Ƙwayoyin suka ƙare, na je Gadarif na zaga kantunan magani na dawo da kaɗan. In zafin ya taso yakan cije gefen bargo don kada 'ya'yansa su ji.

Masu zuwa dubiya ba su fasa kawo shawara ba. Wani ya ce fitsarin raƙumi, wani ya ce a sake kiran mai ƙarfe. Zainaba ta tsaya a ƙofa ta ce, "Duk mai addu'a ya shigo. Mai magani ya koma da abinsa." Yaya Adamu kullum yana zuwa bayan la'asar, ya zauna a ƙofar bukka. Shi ya ɗauki noman abincin gidan a kansa, shi ya sayar da sansa don magani. Wata rana na tarar da shi a bayan gida yana kuka kamar yaro. Na wuce kamar ban gani ba.

Ran Juma'ar da zai rasu, na shigo da hantsi na same shi yana rawar sanyi duk da barguna biyu. Muryarsa ta shaƙe, sai na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Isa, fitar da ni rana."

Zainaba ta ce, "Baban Maryam, a'a. Daktora ta hana."

Ya ce, "Me ya rage da za ta ci? Sanyi nake ji. Na gaji da duhu."

Ta dube ni, na dube ta. Sai ta juya ta cire buhun da ke ƙofa da hannunta. Na kira Yaya Adamu, muka ɗauki gadon da Habu a kai. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka ajiye shi a tsakar gida. Ya runtse ido don ya daɗe bai ga haske ba, sannan rawar jikin ta lafa. 'Yarsa Maryam ta kawo malafa za ta rufe masa fuska, ya girgiza kai.

Ya ce, "Ustaz, mayafin nan na sama, ta ce yana warkewa?"

Na ce, "Haka ta ce. A hankali."

Ya ce, "To, madalla. Wani ya samu."

Ya yi barci a wurin. Muka mayar da shi ciki kafin azahar. Muna dawowa daga masallacin Juma'a muka ji kukan mata tun daga bakin hanya.

Ina gode wa daktorar da ban sake ganinta ba, da mai gawayin da ya ba mu wurin kwana bai taɓa ɓata fuska ba, da duk wanda ya riƙe lauje a gonar Habu. Ina kuma da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Mun rayu da zabiya a cikinmu tun kakanni, ba wanda ya taɓa zuwa ƙauyenmu ya ce mana hularmu ba ta isa ba. Da mun ji wannan tun Habu yana yaro, da malafar kaba ta wadatar.

Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. In kana da zabiya a gida, rufe masa kai da kunne da wuya da hannu tun yana ƙarami, ka ba shi aikin safe da na yamma. Duk gyambon da ya ƙi warkewa, kada a sa masa wuta, a kai shi a duba. In likita ya ba ku rana, ku tafi tun kafin ta zo, ko da gona za ta zube. In kuma an kira ka gayyar mara lafiya, kai da ka zo taimako, kai ne za ka fara cewa ya tafi. Mu fiye da cikin masallaci muka taru a gonar nan, duk masoyansa, kuma ba wanda ya saki hannunsa da wuri.

Allah ya jiƙan Habu, ya sanyaya makwancinsa, ya raya abin da ya bari.